Sunayen Sinanci a kundin LDAP: hanyoyi huɗu, wacce za ka ɗauka?

Duk kamfanin da ke da ma'aikata Sinawa, irin masu aikin layin dogo a Najeriya, ko na matatar mai ta Zinder, ko ɗan kasuwar da ya buɗe reshe a Guangzhou, wata rana mai kula da kwamfutocinsa zai ci karo da wannan tambaya: sunan mutum da haruffan Sinanci, a wane gurbi za a sa shi cikin kundin masu amfani? Kundin nan shi ne LDAP, ko na OpenLDAP ne, ko 389 Directory Server, ko Active Directory na Microsoft. Daga gare shi ne imel da Wi-Fi da VPN da injin buga takardu ke ɗaukar sunan kowa. Hanyoyi huɗu ake bi, kuma gara a zaɓa tun ran gini, don sauya tsari bayan an zuba mutum dubu aiki ne ja.

Abu ɗaya ya kamata a cire daga rai tun farko: tsoron cewa sabar ba za ta iya riƙe Sinanci ba. Tun da LDAP zubi na 3 ya fito a 1997, rubutu a tsarin UTF-8 yake tafiya tsakanin sabar da manhaja. Gurabe irin su `cn` (cikakken suna), `sn` (sunan dangi), `givenName` (sunan yanka), `displayName` (sunan da ake nunawa) da `ou` (sashe) duk suna karɓar kowane harafin Unicode. Abin da ke firgita mutane shi ne su yi nema da umarnin `ldapsearch` su ga `cn:: 5Lit5paH` a inda suke sa ran ganin 中文, wato kalmar "Sinanci". Babu abin da ya lalace. Ƙa'idar LDIF, tsarin fayil ɗin da ake fitar da bayanan kundin a ciki, wato RFC 2849, ta ce duk rubutun da ya fita daga ASCII, wato haruffan Turanci da lambobi da alamomi na yau da kullum, a naɗe shi da base64, kuma ɗigo huɗun nan `::` su ne shaidar an naɗe. Sunan da ke da ƙ, ɗ ko ɓ ma haka yake fitowa.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, fitowar suna: mutum zai ga sunansa yadda aka rubuta masa shi a gida, a littafin adireshin imel da sauran wurare? Na biyu, nema: Basine zai iya nemo abokin aikinsa da Sinanci, Bahaushe kuma da haruffan boko? Na uku, jituwa da na'urori da tsofaffin manhajoji, waɗanda a nan ne yawancin ciwon kai yake. Sai kuɗi, na lasisi da na lokacin ma'aikaci. Sai ƙarko, wato ko tsarin zai tsira ranar da aka ƙaura daga wannan sabar zuwa waccan. Na ƙarshe haɗari: idan abu ya ɓaci, ana iya gyarawa ko bayanin ya tafi ke nan? A ganina na uku da na ƙarshe sun fi sauran nauyi.

Hanya ta farko: Pinyin zalla

A rubuta kowane suna da Pinyin, wato tsarin rubuta lafazin Sinanci da haruffan boko, a bar haruffan Sinanci a waje. Ba ta cin ko sisi, ba na'urar da za ta ƙi ta, kuma mai kula da sabar yana karanta komai.

Illarta ita ce hanya ce mai tafiya ba dawowa. 张 da 章 duk Zhang ne a Pinyin, 王 da 汪 duk Wang, 李 da 黎 duk Li. Daga harafi ana iya samun Pinyin, amma daga Pinyin ba a iya komawa harafi, sai an sake bin mutane ɗaya bayan ɗaya ana tambaya. Ranar da sashen albashi ko ofishin da ke ƙasar Sin ya nemi sunan doka don haɗa bayanai, kundinka ba shi da shi. Sannan karon suna ya fi yawa a nan fiye da kowace hanya, har ka ga ana liƙa wa mutane lamba 2 da 3 a ƙarshen suna.

Hanya ta biyu: Sinanci ko'ina, har cikin DN

A nan cikakken adireshin mutum a kundin, wato DN, yana ɗauke da Sinanci, misali `cn=张某,ou=财务部,dc=misali,dc=com`. Wurin da ma'aikata duka Sinawa ne sukan faɗa wannan hanya ba tare da sun zaɓa ba, domin a Active Directory duk abin da ka rubuta a matsayin cikakken suna lokacin ƙirƙirar asusu shi ne ke zama `cn`, shi kuma `cn` shi ne kan DN.

Ta fuskar fitowar suna babu wadda ta kai ta, kuma ƙa'ida ta yarda da ita. Matsalar tana wajen na'urori. Injin buga takardu, katangar tsaro, na'urar VPN, duk suna son ka shigar musu da tushen nema da DN ɗin asusun da za su shiga da shi, a wani ɗan shafi na cikin na'urar. Wasu shafukan ba su karɓar abin da ya wuce ASCII, wasu kuma suna karɓa su aika da shi a GBK, wani tsarin ajiye haruffan Sinanci daban da UTF-8, sai sabar ta amsa da kuskure 34 na DN mara inganci, ko 32 na ba a sami abin ba. Akwai mafita a RFC 4514: a rubuta kowane bayit da sandar `\` a gabansa, 中 ya zama `\E4\B8\AD`. Tana aiki, amma sunan sashe mai haruffa uku ya koma bayit tara da ba wanda zai iya dubawa da ido ya ce daidai ne.

Sai batun rukunoni. Gurbin `member`, inda rukuni ke jera mambobinsa, DN yake ajiyewa. In aka gano an yi kuskure a harafi ɗaya na sunan mutum aka gyara, DN ɗinsa ya sauya. Active Directory na bin sawu ya gyara rukunonin da kansa. OpenLDAP ba ya yi sai ka kunna `refint`, ƙarin da ke wannan aikin, manhajojin waje da suka kwafi DN ɗin suka ajiye kuwa ba ruwan kowa da su, mutum zai wayi gari an cire masa izini. Ƙari a kan haka, mutum biyu masu suna iri ɗaya ba za su zauna a `ou` ɗaya ba, na biyun zai dawo da kuskure 68 na akwai irinsa tuni, kuma a Sinanci sunayen dangi kaɗan ne ke ɗauke da jama'a masu ɗimbin yawa.

Kuɗin lasisi babu ƙari. Kuɗin lokaci ne mai yawa, musamman in mai kula da sabar ba ya karanta Sinanci: ba zai iya buga DN da hannu ba, kullum sai kwafe da liƙawa.

Hanya ta uku: DN da boko, Sinanci a guraben nuni

Wannan ita ce nake ganin ta dace da mafi yawan wurare, don haka zan ɗan daɗe a kanta. A raba aiki biyu. Abin da na'ura ke amfani da shi wajen gane mutum, wato DN, `uid`, `sAMAccountName`, adireshin imel da sunayen `ou`, ya zauna a ASCII kuma kada ya riƙa sauyawa. Abin da ɗan Adam ke karantawa, wato `displayName` da makamantansa, shi ne zai ɗauki Sinanci.

A OpenLDAP ko 389, DN ya zama irin `uid=e10482,ou=finance,dc=misali,dc=com`. Gurbin `cn` yana karɓar ƙima fiye da ɗaya, saboda haka sai ka sa guda biyu, ta Sinanci da ta Pinyin, nema ta kowane ɓangare ya kama. `displayName` kuwa ƙima ɗaya tak yake ɗauka a RFC 2798, don haka a wurin da ake cuɗanya ya fi kyau a haɗa duka biyun a ciki, Pinyin sannan Sinanci. Sa Pinyin a gaba yana da amfani na zahiri: jerin sunaye zai jeru daga A zuwa Z. In Sinanci ne a gaba, sabar da ke jerawa bisa lambar harafi za ta ba da jerin da ba Pinyin ba ne, kuma Basinen ma ba zai same shi da sauƙin bi ba.

A Active Directory `cn` ƙima ɗaya ce, iyakarta haruffa 64, saboda haka shi ne zai ɗauki Pinyin ko lambar ma'aikaci, `displayName` mai iyakar 256 ya ɗauki Sinanci. `sAMAccountName` na mutum haruffa 20 ne, a bar shi a boko. Akwai kuma `msDS-PhoneticDisplayName` da 'yan'uwansa, waɗanda aka tanada don rubuta lafazin suna. Wuri ne mai kyau na ajiye Pinyin in kana son `displayName` ya zama Sinanci zalla.

Wasu gurabe ba su karɓar Sinanci ko ka so, kuma wannan hanyar ce ke kauce musu tun asali. `mail` nau'in IA5String ne, wato ASCII. A tsarin RFC 2307 na asusun Linux, `gecos`, `homeDirectory` da `memberUid` ma haka. Wanda ya kwafi cikakken sunan Sinanci ya zuba a `gecos` zai ga OpenLDAP ya ce `Invalid syntax (21)`. Maganin ba gyara tsarin sabar ba ne. A sa Pinyin a `gecos`, ko a gaya wa SSSD, manhajar da ke haɗa Linux da kundin, ta `ldap_user_gecos` ya ɗauko sunan daga `displayName`.

Kuɗin wannan hanya shi ne dole ka tara suna biyu ga kowane mutum, kuma a nan gizo ke saƙar. Kada ka bar manhaja ta juya maka sunayen dangi zuwa Pinyin ba tare da an duba ba. Harafin 单 a magana ta yau da kullum dan ne, amma a sunan dangi Shan ake cewa, 曾 Zeng ne, ba Ceng ba, 解 Xie, 仇 Qiu, 区 Ou. Sunan 吕 Lü ne, wasu na rubuta Lv, wasu Lu, fasfon ƙasar Sin kuwa tun 2012 LYU yake sawa. Mutumin Hong Kong mai suna 陳 Chan yake rubutawa, na Beijing mai 陈 kuma Chen. Abin da ya fi tsafta shi ne a kwafi rubutun boko daga fasfo, a kuma tuna sunan dangi ne ke zuwa farko, kada ya faɗa `givenName`.

Ta fuskar ƙarko, ita ce kan gaba. Kowace sabar tana da waɗannan gurabe, ƙaura daga OpenLDAP zuwa Active Directory ko Samba, manhajar kyauta mai aiki irin nasa, ba ta zubar da komai, illa ƙimar `cn` ta biyu da za a nema wa wani gurbi.

Hanya ta huɗu: alamar harshe

RFC 3866 na 2004 ya ba da damar liƙa wa gurbi alamar harshe: `cn` ya riƙe boko, `cn;lang-zh-cn` ya riƙe sauƙaƙaƙƙen rubutu na babban yankin Sin, `cn;lang-zh-tw` ya riƙe na gargajiya irin na Taiwan. A ƙa'idance ita ce mafi kyawun tsari. In ka nemi `cn`, sabar na dawo da shi tare da masu alamar, kuma nema irin `(cn=张*)` na kama ƙimar da ke da alama. Ita ce kuma ke warware matsalar 张 da 張 a tsanake: suna ɗaya ne amma lambobinsu a Unicode daban, wanda ya nemi ɗaya ba zai sami ɗayan ba sai an ajiye duka biyun.

OpenLDAP da 389 suna goyon bayanta, su kuma kyauta ne. Active Directory, wanda ke buƙatar lasisin Windows Server da na masu shiga, ba ya aiki da waɗannan alamomi, don haka ɗaukar wannan hanya ɗaure kai ne ga sabar iri ɗaya. Babbar damuwar ma tana wajen manhajoji: da yawa suna duba amsa su ɗauki gurbin da sunansa `cn` daidai, su watsar da sauran. Sinancin yana nan lafiya a kundin, amma ba mai ganinsa. Ba a kuma sa alamar harshe a cikin DN. Tana biyan wahalarta ne kawai in ku ne ke rubuta manhajar da za ta karanta.

| Ma'auni | Pinyin zalla | Sinanci har DN | DN boko, nuni Sinanci | Alamar harshe |
|---|---|---|---|---|
| Fitowar suna | Babu Sinanci | Cikakke | Cikakke | Sai manhaja ta gane |
| Nema | Boko kawai | Sinanci kawai | Duka biyu | Duka biyu |
| Jituwa da na'urori | Babu matsala | Rauni | Mai kyau | Boko kawai suke gani |
| Kuɗi | Kusan babu | Lokacin gyara mai yawa | Tara suna biyu | Tara suna da rubuta manhaja |
| Ƙarko | Bayani ya ragu | DN na sauyawa | Mafi ƙarko | Ba ya bi zuwa Active Directory |
| Haɗari | Karon suna | Izini na iya yankewa | Kuskuren Pinyin | Bayani ya ɓuya |

Inda haruffa ke lalacewa, ko wace hanya ka bi

Hanyoyi ukun da ke ajiye Sinanci ba za su amfane ka ba in bayanin ya shigo a gurɓace. Yawanci daga fayil ɗin ma'aikata ne. Excel a kan Windows na Sinanci yana ajiye CSV a GBK, lambar shafi 936, na Taiwan kuma a Big5, lambar shafi 950. Juya shi kafin komai, na GBK da `iconv -f GB18030 -t UTF-8`. Ka ce GB18030 ko da an gaya maka GB2312 ne, domin GB2312 na 1980 haruffa 6,763 kawai ya ƙunsa, kuma sunayen mutane na fita daga cikinsu. Harafin 镕 na sunan tsohon firaministan Sin Zhu Rongji ma ba ya ciki. In aka ajiye da zaɓin CSV UTF-8, Excel na sa bayit uku `EF BB BF` a farkon fayil, a cire su kafin su bi ka cikin LDIF su ɓata layin farko.

A Windows PowerShell 5.1, `Export-Csv` ASCII yake rubutawa in ba ka ce `-Encoding UTF8` ba, kowane harafin Sinanci ya koma alamar tambaya. `ldifde` da `csvde` kuma suna son `-u` don Unicode.

In ka ga rubutu ya hargitse, duba bayit ɗin kafin ka taɓa komai. Ɗauko ƙimar da `ldapsearch -LLL -o ldif-wrap=no`, ka wuce da ita ta `base64 -d | xxd`. Ga 中文, daidai shi ne `e4 b8 ad e6 96 87`, bayit uku ga kowane harafi. In haka ka gani, kundin lafiya lau, laifin na mai nunawa ne. Akwatuna marasa komai na nufin babu font, sai a sa `fonts-noto-cjk` a Debian ko Ubuntu. A tagar umarni ta Windows a buga `chcp 65001` a zaɓi font mai Sinanci. Apache Directory Studio na warware base64 da kansa, yana da amfani wajen tabbatarwa.

In ka ga ÖÐÎÄ, GBK ne aka karanta a matsayin Latin-1, tsarin haruffan Yammacin Turai, sannan aka mayar UTF-8. Sabar ta karɓa don a idonta rubutu ne ingantacce. Ana ceto shi: a mayar Latin-1 da `iconv`, sannan a juya daga GB18030. In bayit ɗin sun fara da `c3 a4 c2 b8`, UTF-8 ne aka naɗe sau biyu, shi ma yana gyaruwa. Amma in `3f`, wato alamar tambaya, ka gani a jere, ko `ef bf bd`, wanda a allon GBK ke fitowa 锟斤拷, asalin ya mutu, sai an koma fayil ɗin farko.

Gwada da harafi mai wuya, ba mai sauƙi ba. Rukunin Extension B da ya shigo Unicode a 2001, daga U+20000, bayit huɗu yake ci. Kundin zai riƙe shi, amma manhajar da ke kwafe sunaye zuwa MySQL mai tsohon `utf8` na bayit uku za ta ƙi shi ko ta datse sunan; `utf8mb4` ake buƙata. Haka duk inda ake ƙirga tsawo da bayit: gurbi mai bayit 20 haruffan Sinanci shida yake ɗauka, na bakwai a yanke shi a tsakiya. Kalmar sirri kuwa a bar ta a ASCII, don in wata na'ura ta aika ta a GBK wata a UTF-8, mutum zai buga abu ɗaya ya riƙa samun kuskure 49 na kalmar sirri ba daidai ba a wuri guda.

Nema ma a gwada shi da kaya a kai. Sunan Sinanci harafi biyu ko uku ne, kuma neman harafi ɗaya a tsakiyar suna yakan gaza mafi ƙarancin tsawon da fihirisar sabar ke kamawa, sai ta bi kundin kaf. Da mutum ɗari biyar ba za ka ji ba. Da dubu hamsin za ka ji. A koya wa manhaja ta nemi farkon suna, `(sn=张*)`.

Wa ya dace da wacce

Ofis ƙarami mai baƙin injiniyoyi 'yan kaɗan da za su yi watanni su tafi, kuma ba a haɗa kundin da albashi ko wani ofis a Sin: Pinyin zalla ya isa, a kwafo daga fasfo, a yi `uid` da lambar ma'aikaci.

Kamfanin haɗin gwiwa, Sinawa da 'yan gida na aiki tare, da na'urori iri-iri a rataye a kundin: hanya ta uku, `displayName` ɗauke da Pinyin da Sinanci. Duk mai Active Directory ko Samba, ko mai tunanin komawa can, ita ce tasa.

Jami'a ko ƙungiya mai OpenLDAP ko 389, mai masu rubuta manhaja a gida, kuma tana hulɗa da babban yankin Sin da Taiwan ko Hong Kong a lokaci guda: a kafa hanya ta uku a matsayin tushe, a ɗora alamar harshe a kai don rubutun gargajiya.

Wanda ya gaji kundin da tuni Sinanci ke cikin DN kuma komai na tafiya, kada ya yi gaggawar sauya wa kowa suna. Ya buɗe `ou` ɗaya mai sunan boko ya zuba asusun da na'urori ke shiga da su, ya sa na'urorin su fara nema daga `dc=` na sama, ya kunna `refint` in OpenLDAP ne, sannan sababbin ma'aikata su riƙa shigowa a tsarin hanya ta uku.